Matakan Samun Takardun Shagon Kafinta a Maradi

Da farko tattara katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, hotuna da yarjejeniyar hayar shago. Duba sunanka harafi bayan harafi: Usman a wannan, Ousmane a waccan, ya isa a maido maka da takardunka.

Na biyu, je Cibiyar Kasuwanci, CCIN, reshen Maradi, ka nemi rajistar kasuwanci, RCCM, da lambar haraji, NIF. In ba NIF, manta da kwangilar teburan makaranta.

Na uku, biya harajin sana'a, wanda aka fi sani da patanti, ka adana rasit a shago.

Na huɗu, itace, kuma a nan aka fi kama mutane. Dokar daji ta 2004 ta sa sai da izinin jami'an gandun daji ake saran ice don sayarwa. Gawo, giginya, maɗaci da madobiya suna cikin waɗanda aka kare. Kada ka sayi gungume sai ka ga takardar sara da ta jigila. In babu, ana iya ƙwacewa, a ci ka tara. Katakon Najeriya da ya biyo ta Ɗan Isa, nemi takardar duwan ɗinsa.

In kana biyan ma'aikata albashi, yi musu rajista a asusun fanshon ma'aikata, CNSS.