Kurakuran da aka fi yi wajen ƙera fedar birki mai sensa

A tsohuwar mota, ƙafar direba ce ke tura man birki har ya isa tayoyi. A wasu motocin yanzu, musamman masu lantarki, ba haka abin yake ba: sensa ce ke auna yadda aka taka feda, ta sanar da kwamfutar mota, kwamfuta ta sa ƙaramin injin lantarki ya matse. Tun 2001 Mercedes-Benz da Bosch suka fito da irin wannan birki a motar SL, suka sa masa suna SBC. A 2004 aka mayar da motoci wajen 680,000 don gyara, a 2005 kuma miliyan 1.3, kafin a cire shi daga motar Mercedes samfurin E-Class a 2006. Idan manyan kamfanoni sun sha wannan wuya, ƙaramin injiniya ya kamata ya bi a hankali.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ake yi da sunan kiyaye haɗari. Kowa ya san sensa ɗaya ba ta isa, sai a sa biyu. To amma biyun iri ɗaya ne, maganaɗisu ɗaya suke karantawa, wayar wuta ɗaya suke sha, soket ɗaya suka shiga. Shaidu biyu ke nan 'yan ɗaki ɗaya: ranar da wutar ta yi ƙasa ko maganaɗisun ya goce, ƙarya ɗaya za su yi, kwamfuta kuwa ta ga bakinsu ya zo ɗaya ta yarda. Sensar da ta mutu ba ta kai wadda ke ba da lambar ƙarya haɗari ba. Gyaran shi ne a bambanta su tun daga tushe. Ɗaya ta auna nisan da fedar ta tafi, ɗaya ta auna ƙarfin takawa, kowacce da wutarta da wayarta. In ma dole duka biyun nisa za su auna, a sa ɗaya ta hau daga bolt 0.5 zuwa 4.5, ɗaya ta sauko daga 4.5 zuwa 0.5. Jimillarsu kullum 5 ce, da zarar ta sauya an san akwai matsala. Sifili da 5 cif kuma a bar su su zama alamar waya ta tsinke ko ta haɗe da wata. A kuma rubuta tun farko abin da motar za ta yi idan sensocin suka saɓa, don ISO 26262, ƙa'idar kiyaye haɗari a na'urorin lantarkin mota, kan kai birki matakin ASIL D, mafi tsauri a matakanta.

Sai mantawa da ƙafa. Tunda fedar ba ta tura mai, wasu kan sa mata sifirin ɗaya kawai su ce an gama. Direba bai saba da haka ba. Ƙafarsa ta san feda mai laushi a farko, mai tauri a ƙarshe, wadda ba ta dawowa da ƙarfin da aka taka ta. Shi ya sa ake haɗa sifirin mai taushi, da mai tauri, da roba a ƙarshen tafiya, a ƙara ɗan gogayya. Roba kuwa tana sandarewa a sanyi, tana saki a zafi, don haka a gwada ta daga digiri 40 ƙasa da sifili har 85. Akwai abin da ya fi wannan: a tsohon birki, idan ya yi zafi a gangare, feda kan yi laushi ta gargaɗi direba. Wannan fedar ba ta sauya komai, ko birkin na ƙauri. Wajibi ne gargaɗin ya fito a allon gaban direba da ƙara.

Tace siginar fiye da kima don kawar da ƙananan girgiza shi ma kuskure ne, jinkiri yake haifarwa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, wato jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mita 2.8 ne. Kada kuma a ratsa da manyan wayoyin batir kusa da sensa mai maganaɗisu.

A mota mai caja batir lokacin rage gudu, wurin miƙa aiki daga injin lantarki zuwa birkin taya nan ake tuntuɓe. A Fabrairun 2010 Toyota ta mayar da motoci kusan 437,000, yawancinsu Prius, saboda a kan gargada ko santsi direbobi kan ji kamar birki ya ɗan saki idan ABS, tsarin da ke hana taya kullewa yayin taka birki, ya shiga. Da sabunta manhaja aka gyara. Gwaji a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta kaɗai ba zai tona irin wannan ba.

Idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya fa? Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya kan birkin ƙananan motoci, UN R13-H, ta ce ko da matsala, dole mota ta iya rage gudu da mita 2.44 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, da takawar da ba ta wuce niyuton 500 ba, kusan nauyin kilo 51. Tsarin birki MK C1 na kamfanin Continental, wanda ya fito a Alfa Romeo Giulia a 2016, ya bar hanyar mai: wuta na ɗaukewa bawul ya buɗe, ƙafa ta koma tura mai kai tsaye. Wanda ya zaɓi fedar da ba ta da mai ko kaɗan, sai ya tanadi tushen wuta biyu, kwamfuta biyu da layin saƙo biyu, sannan a filin gwaji ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya mota na tafe, yana auna nisan da ta ci kafin ta tsaya.