Addu'a a layin famfo

'Yan'uwa cikin Almasihu, in kuna jiran ruwa a famfo da asuba, ku yi addu'arku nan take. Jimla ɗaya ma ta isa.

Kada ku jira sai gida ya yi shiru. Nan garin Garwa a Kamaru, ga yara ga kasuwa ga zafin Maris, yaushe?

Yesu ya ce Ubanmu ya san bukatarmu tun kafin mu roƙa (Matiyu 6:8). Mai karɓar haraji na misalin da Yesu ya bayar a Luka 18 jinƙai kawai ya nema, aka karɓe shi. Ba sai kun kashe sefa kan man shafewa ba.

Amma in kuna gaba da maƙwabciya, ku shirya da ita tukuna. Kuma wannan addu'ar ba ta maye gurbin sujadar Lahadi.