Masu gona a bakin daji, a kula da jan biri

Salam ƴan uwa, musamman mutanenmu na Doguwa da Tudun Wada da ke bakin dajin Falgore. Shi jan biri da damina yake barbara, cikin kuma wajen wata biyar da rabi ne, shi ya sa da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, zaka ga jarirai maƙale a jikin uwa. To don Allah a ja wa yara kunne kar su kamo jaririn su kawo gida, wallahi tausayi yake bani, ba nonon uwa yawanci mutuwa yake, ga cizo ga cuta. Masu lambu ku tsare da sassafe da la'asar, tsakar rana suna inuwa suna hutawa. Kare da buga gwangwani sun isa, ba sai an sa guba ba.