Yadda Za Ka Kai Kaya Tasha a Sailwind Ba Tare da Jirgi Ya Kife Ba

Sailwind wasan kwamfuta ne na tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda kamfanin Raw Lion Workshop ya saki a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a 2021, kuma ba ya lallaɓa kowa. Babu inji a jirgin, babu ɗigon da ke nuna maka inda kake a taswira. Daga kai sai iska, da igiya, da kayan mutane da ka yi alkawarin kaiwa. Cikin yankuna uku da ake zaɓa, Al'Ankh da Emerald da Aestrin, ni Al'Ankh nake ba sabon shiga shawara, don tekun can ya fi sauƙin kai.

Kafin ka kwance igiya, duba lodi. Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Gangar ruwa da manyan akwatuna su zauna ƙasa, a tsakiyar jirgi, nauyin dama ya yi daidai da na hagu. In ka jibge su gefe guda, jirgin zai karkata tun yana tasha, iska na bugawa kuma sai ruwa ya fara haurowa ta baki. Kada kwaɗayin lada ya sa ka karɓi duk aikin da ka gani a ofishin tasha. Ɗauki biyu ko uku masu zuwa tsibiri ɗaya, ka duba ranar da aka ɗiba maka, domin latti yana zubar da mutunci, kuma da mutuncin ne ake buɗe maka ayyuka masu tsoka.

Sai iska. Dubi tutar da ke kan sanda ka san ta inda take busowa. In tana bayanka, saki igiya, ƙyallen da iska ke turawa jirgi ya tafi ya buɗe sosai. In ta gefe take, ja shi zuwa rabi. A wajena wannan ce tafiya mafi daɗi, jirgi na sheƙa gudu ba ya wahalar da kai. Dabarar ɗaure ƙyalle guda ce: sassauta a hankali har gefensa ya fara kaɗawa, sannan ka ja kaɗan har ya yi shiru ya cika. Wanda ya ɗaure shi tamau yana zaton gudu zai ƙaru, karkata kawai yake saya.

Inda ake gane gwani shi ne idan iskar daga inda za ka take fitowa. Babu jirgin ƙyalle da ke shiga idon iska kai tsaye. In ya matsa ƙwarai, ya tsaya wajen digiri 45 daga gare ta, ƙananan jiragen farko ma ba sa kai haka. Sai dai ka yi ta karkata hanya, dama, hagu, kamar mai hawan tudu da kaya a ka. Lokacin juyawa, fara tara gudu tukuna, sannan ka murɗa sitiyari gaba ɗaya. In ka juya da sanyin jiki, goshin jirgi zai maƙale a cikin iska, ƙyalle na ta faɗaɗa, kai kuwa kana ja da baya.

Da ka hango hadari ya haɗo, rage ƙyalle tun kafin ya iso, bokiti kuma ya kasance kusa da hannu don kwarfe ruwa.

Tsakanin tsibirai na kusa, kamfas da ido sun wadatar. Doguwar tafiya ce ke buƙatar ma'aunin tauraro: da dare ka auna tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ruwa, lambar da ka samu ita ce nisanka daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Yi arewa ko kudu har lambarka ta yi daidai da ta tashar da za ka, sannan ka miƙe gabas ko yamma. Ruwan sha kuwa ka ɗauki fiye da lissafinka, don iska takan ɗauke cak a tsakiyar teku, ƙishirwa ba ta jiran ta dawo.