Waken gashi a obin da gahawa, dabino da miso

Karo na farko da na gwada yin waken gashi da hannuna, irin wanda ake sayarwa a gwangwani cikin jan romo, tukunyar ta kwashe awa biyar a obin, amma da na ɗebo a cokali na tauna, sai ka ce tsakuwa na jefa a baki. Romon kam ya yi daɗi, don yara sun dangwale shi tas da burodi, suka tara min waken a gefen faranti. Laifina guda ne: na zuba tumatir da binega tun waken yana ɗanye. Tsami yana ɗaure wake, ya hana shi nuna, ko da za ki kwana kina hura masa wuta. Sukari ma yana rage masa saurin laushi, haka sinadarin kalsiyam da ke cikin molasis, wato baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari daga rake.

Abin da ya ɓata min girki ranar shi ne kuma sirrin abincin. Idan wake ya riga ya nuna kafin ki haɗa shi da tsami da zaƙi, su ne za su riƙe shi ya yi awa uku a wuta bai dame ba, yana ta shan romo. Haka mutanen Boston a Amurka suka daɗe suna yi, su bar tukunyar ƙasa a wuta tun Asabar don kada su yi girki ranar Lahadi. Molasis ya yi yawa a garin har a ranar 15 ga Janairun 1919 wani ƙaton tankinsa ya fashe, ya malale tituna, mutum 21 suka rasu. Nasu waken baƙi-baƙi ne, da molasis da mustad (wani kwaɓin 'ya'yan tsiro mai ɗan yaji) da naman alade mai gishiri. Na Ingila kuwa, wanda suke ɗorawa kan gasasshen burodi, jan romon tumatir ne. Nawa yana tsakanin biyun, kuma babu alade a ciki.

Ki samo ƙaramin farin wake busasshe, gram 500, irin wanda ake kira nebi saboda sojojin ruwan Amurka sun daɗe suna cin sa. Ki kula kada ya zama wanda ya shekara biyu a ajiye, don tsohon wake taurin kai gare shi. Ki jiƙa shi da dare cikin ruwa lita biyu da gishiri babban cokali biyu, awa 8 zuwa 12. Na san an sha faɗa mana gishiri yana hana wake nuna. Ni dai na gwada da shi, na gwada babu shi, kuma wanda ya kwana a ruwan gishiri ya fi laushin ɓawo, bai kuma farfashe ba. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki zuba sabo ya sha kansa da kamar yatsa uku, ki bar shi ya tafasa sosai na minti goma, sannan ki rage wuta. Idan babban jan waken nan mai siffar ƙoda kika samu, wannan tafasar ta minti goma wajibi ce, domin yana da guba da sai tafasa mai ƙarfi ke kashe ta. Bayan minti 45 ki fara dubawa. Ki matse ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu: in ta murƙushe ba tare da wani gari-gari a tsakiya ba, ya yi. Ki tace, amma kada ki zubar da ruwan dahuwar, shi ne zai ba romo kauri.

Yanzu sai romo. A tukunya mai kauri wadda za ta iya shiga obin, ki soya babbar albasa ɗaya da mai cokali uku a wuta kaɗan-kaɗan, har ta yi ja ta fara zaƙi. Minti goma sha biyar ne aƙalla, kuma nan ne yawancinmu muke gajen haƙuri. Ki sa tafarnuwa ƙwaya huɗu, tumatirin gwangwani mai kauri cokali uku, ki soya har launinsa ya koma kamar na jan bulo. Sai mustad cokali ɗaya.

Daga nan ne wasan yake farawa, kuma ƙa'idata ɗaya ce: duk baƙon abin da zan jefa a tukunya sai na san aikin wa ya karɓa. Romon yana buƙatar zaƙi, tsami, ɗan ɗaci, ƙamshin hayaƙi da gishiri. In na kawo sabon abu mai zaƙi, tsohon zai fita. Ranar da na manta da haka na haɗa zuma da molasis da dabino wuri guda, alewar wake na sauke, babu wanda ya ƙara loma ta biyu.

Wajen zaƙi na koma dabino. Guda takwas masu taushi, a cire ƙwallon, a jiƙa su da ruwan zafi minti goma, a markaɗa. Zaƙinsu ba ya hawa kai kamar na farin sukari, kuma suna narkewa su ƙara wa romon jiki. Ina haɗa su da molasis cokali ɗaya kacal, don launi.

Gahawa ce ta fi ba mutane mamaki. Baƙa, mai ƙarfi, babu madara babu sukari, mililita 150. Lokacin da kika zuba ta, ƙamshin da zai taso ba zai yi miki daɗi ba, za ki ce kin ɓata girki. Ki yi shiru ki rufe tukunya. Bayan awa biyu ɗacin ya kwanta, ya danne zaƙin dabinon, romon ya yi duhu ya yi wani nauyi a harshe kamar an dafa shi da ƙashi. Maigidana, wanda ba ya ko son warin gahawa, ya ci faranti biyu yana tambaya wane irin nama na sa. Sai da ya wanke hannu na gaya masa. Abin lura kawai, kada ki yi amfani da wadda ta wuni a buta tana zafi, ɗacinta na ƙuna ne, kuma wuta ba ta gyara shi. In ba ki da gahawa, baƙin cakulan mai kashi 70 cikin ɗari na koko, gram 15, zai yi aikin, amma shi a ƙarshe ake jefa shi bayan an sauke. Kada ki haɗa su biyun.

Ƙamshin hayaƙi kuwa, ni daga garin paprika na Sifaniya nake samunsa, wanda ake busar da tattasansa a kan hayaƙin itacen oak. Ƙaramin cokali biyu ya isa, a sa shi cikin man albasa na 'yan daƙiƙu, kada ya ƙone. Tsami kuwa, ruwan tsamiya mai kauri cokali biyu ya fi min binega, don nata tsamin yana tafe da ɗan zaƙi. Anis, wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro, guda ɗaya, ko ɓawon lemu tsawon yatsa wanda aka kankare farin cikinsa, kowanne yana da kyau, sai dai ki tsame su bayan awa ɗaya. Na taɓa barin anis biyu har ƙarshe, waken ya koma ɗanɗanon maganin tari.

Ki juye waken cikin romon, ki ƙara ruwan dahuwar har ya rufe shi da ƙyar. Ki rufe, ki sa a obin mai zafin digiri 150 na salshiyas. Duk bayan minti 45 ki leƙa, in saman ya bushe ki ƙara ruwa mai zafi kaɗan, ki juya a hankali da ludayin katako. Bayan awa biyu ki cire murfin, ki bar shi minti 30 zuwa 45 a buɗe. A nan ne saman yake yin duhu, gefen tukunya ya kama wani baƙin ɓawo mai danƙo. Ki kankaro shi ki mayar ciki, daɗin duk yana wurin. In kika ja ludayi a ƙasan tukunya hanyar ta ɗan tsaya kafin romo ya rufe ta, ki sauke, ko da kina ganin da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri idan ya huce.

Miso ne na ƙarshe, wato kwaɓin waken soya da mutanen Japan ke ruɓarwa da gishiri. Shi ya sa ban ce ki ƙara gishiri a romo ba tun farko. Cokali ɗaya da rabi, ki dama shi a ɗan kofi da romo mai zafi har ya narke, sannan ki juye a tukunya bayan ta bar wuta, don doguwar dahuwa tana kashe masa ƙamshi. Ki ɗanɗana. In kin ji kamar wani abu ya yi ƙasa amma ba ki san ko mene ne ba, sau da yawa tsami ne: rabin cokalin binega zai tashe shi.

Ki ba shi minti ashirin ya huta kafin ki zuba. Abin da ya rage yana kwana uku zuwa huɗu a firij cikin mazubi mai murfi, kuma na washegari ya fi na ranar daɗi, don a lokacin gahawa da dabinon sun gama shiga cikin ƙwayar. Zai daskare kamar an dama, sai ki yayyafa masa ruwa cokali biyu ko uku, ki ɗumama a wuta kaɗan kina juyawa.