Kurakuran da Ke Korar Masu Saye Daga Shafin Kasuwancinka

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa da yawan mabiya suke auna shafinsu na sada zumunta, alhali ciniki yana lalacewa ne tsakanin lokacin da mutum ya ga kaya da lokacin da zai biya kuɗi. Nan ya kamata gyara ya fara.

Ɓoye farashi shi ne na farko. Idan ka rubuta "mai so ya yi min magana", mutane da yawa za su wuce, don ba kowa ke son tambayar kuɗin abin da wataƙila ya fi ƙarfinsa ba. Kowane hoto ya zo da sunan kayan, farashi, girma ko launukan da suka rage, da yadda ake kai wa mai saye. Hoton ma ya zama na kayan da ke hannunka, ka goge gilashin kyamara ka ɗauka kusa da taga da rana. Wanda aka kwafo daga intanet rigima yake jawowa ranar da kaya suka isa.

Sai jinkirin amsa. Wanda ya turo maka saƙo sau da yawa ya tura wa wasu masu irin kayanka, kuma wanda ya fara amsawa shi ke cin kasuwar. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018, kyauta ce, tana da maganin wannan: saƙon maraba mai tafiya da kansa, saƙon da ke sanar da cewa an tashi aiki, da amsoshin da ka riga ka tanada, waɗanda ke fitowa da zarar ka danna alamar /. Zuba kayanka a kundin kaya na manhajar, sannan ka riƙa sa wa hirarraki lakabi: sabon oda, an biya, an aika. Ka kuma sani cewa saƙon bai-ɗaya, wato saƙo guda da ake tura wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka. Jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba kuwa, ƙorafinsu na iya sa a rufe lambar.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sakaci da mallakar shafi. Asusun mutum a Facebook ba ya wuce abokai 5,000, kuma ba a gina shi don kasuwanci ba, don haka buɗe shafin kasuwanci daban. Kada ka bari ma'aikaci ko wanda ya taya ka saitawa ya buɗe da imel ɗinsa ko lambarsa, domin ranar da kuka rabu, da shafin zai tafi. Kai ka riƙe cikakken iko, ka ba amintacce ɗaya shi ma saboda ɓatan waya, sauran a ba su izinin wallafa kawai. Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a shiga asusu, a ko'ina. Lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa ta tes, ba a ba wa kowa su, ko da wanda ya nema ya zo da sunan ɗan'uwanka ne. Haka saƙon da ke cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 idan ba ka danna wani adireshi ba, tarkon 'yan damfara ne, gargaɗin gaskiya a cikin saitin manhajar ake ganinsa.

Sayen mabiya asarar kuɗi ce: ba sa saye, ba sa tsokaci, shirunsu kuma yana rage yadda ake nuna rubutunka ga mutanen gaske. Idan za ka biya kuɗin talla, zaɓi yankin da kake iya kai kaya kawai, ka gwada hotuna biyu da ɗan kuɗi na kwana uku zuwa biyar, ka ƙara wa wanda ya fi kawo saƙonni.

Idan wani ya yi ƙorafi a fili, kada ka goge, kada ka biye masa. Ba shi haƙuri a taƙaice a inda kowa zai gani, ka nemi lambar odarsa, ku ƙarasa maganar ta saƙo.