Yadda ake noman wilo don makamashi

Wilo itace ne na ƙasashen sanyi mai saurin girma. A Suwidin da Birtaniya da jihar Niyok ta Amurka ana noma gajeren irinsa mai rassa da yawa, a sare shi, a daddatsa, a ƙona a tukunyar ɗumama gidaje ko a tashar lantarki. Shuka ɗaya kan kai shekara 20 zuwa 25 ana girbi, don duk sanda aka sare shi kututturen sai ya sake toho.

Kafin komai, a samu mai saye a kusa. Ɗanyen wilo kusan rabinsa ruwa ne, saboda haka jigila mai nisa tana cinye ribar.

Ƙasar da yake so ita ce mai riƙe danshi, ma'aunin tsaminta (pH) tsakanin 5.5 da 7. Yana jure ambaliya ta ɗan lokaci, amma kada wannan ya ruɗe ka: injin girbi mai nauyi ne, kuma a hunturu ake girbin. Filin da ba zai ɗauki inji ba bai dace ba. Idan akwai bututun magudanar ruwa a binne, saiwa za ta iya toshe su.

Gyaran fili yana farawa shekara guda kafin shuka. A kashe ciyawa mai saiwa da magani, a yi huɗa, a baje ƙasar ta yi laushi.

Ba ƙwaya ake shukawa ba, yankan reshe ne mai tsawon kusan santimita 20, wanda aka yanko yayin da itacen ya zubar da ganye. A ajiye shi a sanyin da ya ɗan yi ƙasa da sifili, a fito da shi dab da shuka, tsakanin Maris da Mayu gwargwadon wuri. Idan ya bushe ko ya fara toho a ma'ajiya, da yawa ba za su kama ba. A soke shi a tsaye, idanun suna kallon sama, saman kaɗan kawai ya leƙo, a danne ƙasa a jikinsa. Ana jera shi layi biyu-biyu: santimita 75 tsakanin tagwayen, mita 1.5 zuwa tagwaye na gaba, kusan santimita 60 tsakanin sanda da sanda. Hakan yana ba da kusan yanka 15,000 a hekta. An tsara tazarar ne don tayar inji ta bi ba tare da taka kututture ba, don haka kada a sauya ta. A bar wurin juyawa mai faɗi a ƙarshen layuka.

Shekarar farko ita ce ke yanke hukuncin gonar. Sandar ba ta da saiwa tukuna, ciyawa kuwa tana da ita, kuma za ta riga ta shan ruwa da hasken rana. A fesa maganin hana tsirowar ciyawa nan da nan bayan shuka, kafin idanun su buɗe, sannan a riƙa nome tsakanin layuka. Giɓin da ciyawa ta bari a wannan shekara yakan zauna har ƙarshen gonar. Taki a wannan lokaci ciyawa yake ciyarwa, a jinkirta shi. Inda zomaye ko barewa suka yi yawa, sai shinge.

Da hunturun farko a datse rassan, a bar kusan santimita 5 zuwa 10 a saman ƙasa da wuƙa mai kaifi, don kututturen ya fito da rassa da yawa. Daga nan inuwarsa za ta danne ciyawa.

Babbar cutarsa tsatsar ganye ce, wadda ke zubar da ganye da wuri. Ana rage ta da cakuɗa iri daban-daban masu juriya a fili ɗaya.

Ana girbi duk shekara 3 ko 4, bayan ganye ya zube, kafin sabon toho. Gona mai kyau tana ba da kusan tan 8 zuwa 12 na busasshen itace a hekta kowace shekara, idan an raba girbin bisa shekarun, kuma girbin farko yakan gaza na biyu. Injin da ke sarewa yana daddatsawa a take ya fi sauri, sai dai tarin ɗanyen gutsattsari yana ɗaukar zafi, ya yi fumfuna, ya rage nauyi. Ko dai a kai shi wurin ƙonawa da wuri, ko a sare rassan dogaye a tara su su sha iska kafin a daddatsa.